Kwanon Kuɓewa

A Kwakwaci, bayan gidan Baba Tanimu,
ina da ɗan fegi da bai kai tabarma goma ba.
Bara na binne irin kuɓewa a bushe,
sati biyu ina leƙen ƙasa kamar mai bin bashi.
Rabi ya fito. Rabi ya yi shiru.

Bana tsohon ya miƙo min kwanon sha,
ya ce, "Zuba su, bar su su kwana.
Ƙwayar nan taurin kai gare ta,
sai ta sha ruwa take jin magana."

Da asuba, kafin ladan ya sauke murya,
na duba: wasu sun taso suna yawo,
holoƙo ne, na tsame na watsa wa kaji.
Na ƙasa sun kumbura,
fatarsu ta yi laushi kamar yatsan mai wankau.

"Kada su zarce kwana ɗaya," in ji shi,
"jiƙo in ya daɗe, tsami yake."

Ran Talata na shuka.
Ran Asabar ina ɗauraye ƙafa a bakin rijiya,
Ladidi ta ƙwala min kira:
"Baba, zo ka ga, ƙasa ta tsage!"