Laraba, Layin Baya

Ranar Laraba tikiti rabin kuɗi ne
a silimar bakin tashar jiragen ruwa,
shi ya sa nake gangarowa daga tudun Valparaiso
da sandata da ciwon gwiwa,
in zauna can baya, inda kujeru ke warin gishirin teku.

Yau ɗan sanda ne a majigin.
Sufeto Olmedo. An kashe masa ɗiya a minti na tara.
Bai yi kuka ba, ruwan sama ne ya yi masa.
Ya dire lambarsa a teburin shugabansa,
ya fita da bindiga biyu,
samarin layin gaba suka ɗauki tafi.

Na ƙirga: gawa goma sha huɗu kafin a kunna fitila.
Harsashinsa bai ƙare ba,
hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya.

Ni shekara ashirin da shida na yi cikin kaki.
Eloisa na da goma sha tara
ranar da harsashin da ba nata ba ya same ta
a ƙofar kantin magani, riƙe da maganin tarin uwarta.
Ba kiɗa. Ba ruwa.
Rana ƙwal, karnuka na barci ƙarƙashin motoci.

Majigi ba ya nuna takardar asibiti,
sa hannu nan, da nan, da nan kuma,
ko takalmi ƙafa ɗaya a cikin leda,
ko uwa tana jera faranti uku
har wata biyar.

Na neme shi. Wata goma sha ɗaya ina bin sawu.
Baltasar Quiroga, mai tabo a haɓa.
Na same shi da asuba a kasuwar kifi
yana kankare ɓawo da bayan wuƙa,
wani ɗan yaro riƙe da ƙafar wandonsa yana gatsar burodi.
Bindiga a aljihuna ta yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.
Taku shida tsakaninmu.
Ya ɗago ya ce, "Kilo nawa, maigida?"

An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi.
Ni dai bakina ya ce, "Ɗaya."
Na biya. Ya miƙo canji,
yatsunsa suka taɓa nawa, da sanyi, da ƙarni.
Na fita na kira ofis daga wayar bakin titi.
Alƙali ya ba shi goma sha biyu. Ya yi bakwai.

Kada ka kira shi haƙuri.
Wani daren in ce tsoron Allah ne,
wani daren in ce tsoro ne kawai.
Kifin ya kwana uku a firji,
mun kasa ci, mun kasa zubarwa.

Ga Olmedo yanzu a kan kabari.
Ya ajiye bindiga, rana na fitowa a bayansa,
fuskarsa ta wanda ya gama aiki.
Wannan fuskar nake biyan kuɗi in gani.

Maite mai shara ta zo har gabana da tsintsiya.
"Don Evaristo, ai an tashi."
Na sani, 'yata.
Shi za a sake sakawa Laraba mai zuwa?
Ta ce shi ne.
To, ki ajiye mini kujerar.