Layin Nomau

Ran da aka rufe lekwal hadari ya haɗo daga gabas,
ni kuwa na buɗe tagogi uku, ta ukun sai da na sa kafaɗa.
Na kakkaɓe gara daga bayan akwatuna,
na shimfiɗa tabarmi, don kujerunmu goma sha huɗu ne,
yaran Tawa kuwa ba sa ƙidayuwa in an ce kyauta.

Na manna babbar takarda a bango,
suna a hagu, layi a dama.
Wanda ya gama littafi ya zo ya faɗa mini abin da ke ciki,
in ɗiga masa tauraro da jan bik.

Tsahara ta Garkawa wuta ce a busasshen kara.
Litinin ta ɗauka, Talata ta dawo,
tana ba ni labarin tun daga bakin ƙofa,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.
Tagwayen Wadata kullum faɗa kan mai zanen raƙumin dawa.
Agali yana karatu da ƙarfi
kamar mai tallar magani a tasha.
In an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
sai mu kwashe mu koma inuwar bedi,
kowa na fifita da abin da ya zo karantawa.

Shi Nomau sai la'asar sakaliya,
laka har ƙauri, tafin hannu duk kanta,
daga gona yake.
Yakan wanke hannu sau biyu kafin ya taɓa komai.
Littafi ɗaya ya ɗauka ran farko,
mai shuɗin bango, na teku da jiragen ruwa.
Kwana bakwai ya kawo, ya ce a sabunta.
Na sabunta.
Wani bakwai, ya ce a ƙara.
Na ce, Nomau, akwai na zaki, akwai na ƴan ƙwallo.
Ya ce, Madam, ban gama ba.

Gero ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi.
Layin Tsahara ya cika har na ƙara mata takarda.
Layin Nomau fari fat.

Wata Juma'a ruwa ya tare ni a unguwarsu,
na faka a wani zaure ina matse mayafi.
Sai na ji muryar da na sani ta bayan zana,
tana tuntuɓe a kan faransanci,
ta tashi, ta juya shi zuwa Hausa.
Wata ƙarama ta ce, ya fi tabkin Babaye?
Ya ce, ke, ba a ganin ƙarshensa.
Ta ce, to Baba a wane jirgi yake?
Ya ce, ba a ciki yake ba,
nan yake, ƙasan wannan ƙugiyar, yana sauke buhuna.
Uwar ta ce, koma baya,
wurin nan da ruwa ke tafiya ya dawo.

Damina uku ke nan, in ji maƙwabciya,
tun da Abijan ta riƙe shi.

Ran rabon kyauta aka yi tafi har kan titi.
Tsahara ta tafi da jaka da kaye shida, halaliyarta.
Da wuri ya watse Nomau ya zo,
littafin a cikin leda biyu,
bangon ya yi laushi kamar tsohuwar jikka,
shafi na ashirin da uku yana buɗe kansa.

Na jawo rajista.
Inda ake rubuta an dawo da shi
na rubuta ya ɓata,
na tura masa ledar ta kan tebur.
A cire a albashina.

Tauraron dai ban ɗiga ba.
Shi da bakinsa ya ce bai gama ba.