Hannun Sallau

A Yelwa ta Garwa muka fara sanin hannun nan,
yana jifar mangwaro a bayan gidan Malam Barau:
dutse ɗaya, ɗanyu uku a ƙasa.

Daga baya ƙarfe biyun dare nake tashi,
in riƙe waya kamar mai jiran haihuwa.
Ga shi can, kwalkwali ya cinye masa fuska,
ƙwallo mai siffar gwanda a tafinsa,
ƙarti huɗu sun taso masa kamar shanu sun hango ruwa.
Taku uku baya. Ya duba. Ya saki.

Har yau ban san dokar wasan ba.
Na dai san in ya faɗi bai tashi da wuri ba,
shayina hucewa yake.

Shekara tara. Ƙungiya uku suka saya, suka sayar.
Likita ya tsaga kafaɗar sau biyu,
aka kawo sabon yaro, shi kuwa aka nuna masa benci.

Bana ya dawo. Muka gangara bakin Binuwai,
yara suka ce, Kawu, jefa mu gani.
Ya ɗauki dutse, ya daɗe yana juya shi,
sannan ya miƙa wa ƙaraminsu
da hagu.