Kai Biyu, Baki Ɗaya

A filin da ke bayan Ƙofar Marusa
na jera su kan benci tun kafin magariba,
tsohon a hagu, sabon a dama,
lasifika guda a ƙasa, baƙa, da faci a fuska.
Amfilifaya biyu, baki ɗaya.

Tsohon na Yaya Tanimu ne.
Daga Maraɗi ya ɗauko shi a bayan a-kori-kura
cikin bargon da har yau yake warin taba.
Kwalabe huɗu gare shi a ciki,
sai sun yi ja kamar garwashi
kafin ya yarda ya ce uffan.
Muryar wanda ya kwana zaune,
da ƙaiƙayi a maƙoshi.

Sabon ni na saya a Sabon Layi, biya uku.
Ba ya jiran kowa. Ka taɓa, ya amsa
garau, kamar ruwan randa da asuba.
Samari na son sa.
Ni ma ina son sa, kada in yi ƙarya.

Da can da hannu nake sauyi.
Baiti ya ƙare, in duƙa, jita na lilo a wuyana,
in zare waya can, in soka nan,
masu rawa su tsaya da ƙafa ɗaya a sama.
Ran walimar ƙungiyar teloli
na zare tsohon yana tsakiyar zance.
Sai ƙauri.
Sai hayaƙi siriri kamar zaren ɗinki.

Gide mai gyaran rediyo ya buɗe cikinsa, ya shinshina,
ya dube ni ta saman tabarau:
"Irin wannan ba a barin shi shina magana babu mai ji.
In ka raba shi da lasifika
muryar ba ta da wurin zuwa,
ciki take komawa ta cinye shi."

Ban ce komai ba.
Yaya na tuna, shekararsa ta ƙarshe,
zaune a zaure, jita a cinya,
an daina aiko masa da goron gayyata.

Sati biyu Gide na narka dalma.
Ya miƙo mini gwangwanin madara da makunni a ka,
ya naɗe wayar tsohuwar hita a ciki.
"Nan za ka taka.
Wanda ka rufe wa baki zai ci gaba da rerawa a nan,
ba mai jin shi,
amma ba ya ƙonewa."

Yau ga ni, janareta na tari a bayan katanga,
Ilu ya saki kalangu, fili ya cika.
Na fara da sabon, tsirkiya na tsalle kamar ɗan akuya.
Da muka zo inda waƙar ke saukar da kai
na ɗaga babban yatsa na taka.

Tsakanin takawa da amsawa akwai ɗan rami,
bai kai ƙiftawar ido ba.
A cikinsa na ji cokalin mai shayi a kofi,
na ji wata ta kira ɗanta, Habu, zo nan.
Sannan tsohon ya buɗe maƙoshi.
Wani dattijo kusa da mai tsire ya ajiye tsinkensa
ya juyo yana neman wani a bayana.

Sau tara na taka a daren nan, Ilu ya ce goma.

Da aka watse, ina naɗe wayoyi,
na ɗauki gwangwanin, na kusa yar da shi:
zafi rau, kamar an sauke daga murhu.
Duk baitin da ya rera babu mai ji
ga shi nan a tafin hannuna.

Na sa shi a aljihun riga.
Har muka wuce Rafin Daɗi a kan babur
bai huce ba.