Inda Dunstan Yake Zama

A nan Dunstan ya yi gyaran takalma,
shekara ashirin da bakwai, kai a sunkuye.
Bara aka binne shi.
Yau bangon kore ne,
fitilu na reto kamar lemo a reshe,
ruwan Leeds kuwa na dukan taga
kamar ba wanda ya gaya masa.

Kavleen, mai kawo abinci,
ta ce kakarta ce a bakin tanderu,
ba ta yarda da ma'auni ba,
da yatsu uku take awon gishiri.

Bayan kanta wani saurayi na kaɗa ƙanƙara,
kacau-kacau,
ya tsiyayo tsamiya da citta da 'yar giyar rake.
Maigidana Alwyn ya kurɓa, ya ce, "To."
A bakinsa wannan huɗuba ce.

Gurasa ta iso tana huci, gefe a ƙone,
naman rago cikin jar miya,
alayyafo da cuku.
Barkonon bai yi sallama ba,
sai da na haɗiye ya ƙwanƙwasa,
ya sa ni hawaye a gaban baƙi.

Na bar shi ya ɗauki laifin.
Teburinmu na daidai inda keken ɗinkin yake,
inda aka ɗinke min takalmin biki
ba a karɓi ko sisi ba.

Da za mu fita tsohuwar ta leƙo, gari a goshi,
ta dubi kwanon da na suɗe tas,
ta dubi ƙafata, ta ce,
"Dunduniyar nan tana son gyara."