Turame Biyu

Na hagu na fara kaiwa Idi-Araba,
shekara goma sha ɗaya ke nan, da damina.
Dakta Oyelaran, tsoho mai furfura har a gira,
ya zare jijiyar kamar mai cire ƙaya a tafin ƙafa,
ya ɗebo tsinkayen danƙo, sirara,
yana cusawa ɗaya bayan ɗaya, da sanyinsu,
yana danna kowanne gefe
yadda muke jera buhunan albasa a mota:
in ka bar rata, kaya ya yi rawa a hanya.
Zama uku na yi. Ko gaisuwa a taƙaice yake amsawa.

Na dama ya tashi bayan shekara huɗu,
daren da ruwa ya shanye Ketu.
Na bi danfo zuwa Surulere, kunci kamar ƙoƙo.
Dakta Nkiruka, sa'ar ɗiyata,
ta ce nata cikon mai ɗumi ne,
danƙon zai narke ya bi kowane lungu
kamar man shanu a tuwon da aka kwashe yanzu.
Zama ɗaya. Na shaƙi ƙauri, na biya ninki,
na fito ina cewa zamani riga ne.

Ta ce in dawo a sa masa hula.
Na ce to.
Sai albasa ta yi kuɗi,
kuɗin hular ya hau tirela zuwa Aliero.

Jiya tsakuwa guda a cikin wake
ta tuna mini da wannan to ɗin.

Ta ɗaga hoton a gaban fitila.
Saiwoyi biyu, farare har ƙarshe,
na tsoho da nata, ba ka ce ga gwani ba.
Na ce, Dakta, wanne ya fi?
Ta ce, mu ma muna wannan musu a tsakaninmu.
Amma duba nan, Malam Sagir,
ba cikon ya ci amanarka ba.
Ɗaki aka share maka tas, aka daɓe,
ka bar shi ba jinka
a garin da ruwa ba ya sallama.

Tsaguwar ta kai ƙasa. Talata za a cire.

A kan gada, cikin cunkoso,
harshena yana ta zuwa yi masa ban kwana.
An ce Oyelaran ya koma garinsu, idonsa ya dushe.
Na sayi gyaɗa ta taga,
na tura ta hagu.