Kwanci a Hawa na Uku

Gidan haya, Agege, hawa na uku,
inda kaza ba ta da wurin tono.
Tsakanin gado da keken ɗinki na ajiye akwatin.
Daga Alaba na ɗauko shi cikin danfo,
kwandasta ya ce sai na biya masa kujera.
Na biya.
Uwa ce, ba a barin uwa a tsaye.

Ƙwai arba'in ba biyu na jera mata,
da huɗu ƙanana na zabuwa
da Inna ta aiko daga Ƙaura
cikin ƙwaryar dusa, a motar albasa.
Kwana biyu a hanya, ko ɗaya bai tsage ba.

Kowanne na shaida shi da fensir,
gefe guda alif, gefe guda sifiri.
Asuba in juya, azahar in juya, lisha in juya,
in ƙara ruwa a ɗan faranti,
in tsura wa jar lamba ido kamar mai duba.
Talatin da bakwai da rabi.
Ni da ban taɓa sanin zafin jikina ba.

Dare na bakwai na kashe fitila,
Barira ta riƙe mini tocila.
Ga jijiyoyi ja sun yi rassa kamar hanyoyin Oshodi,
ga baƙin ɗigo yana iyo.
Ta ce, Baba, yana ganinmu?
Da Yarabanci ta tambaya.
Da Hausa na ce mata, tukuna.
Shida ba komai cikinsu sai haske,
na tsame su kafin su zama baragurbi.

Daren sha takwas ruwa ya sauko,
irin na Ikko, mai haɗiye kiran salla.
Taransifoma ta yi tari ɗaya ta mutu.
Janareta ba mai, gidan mai a kulle,
jar lamba ta rufe ido.
Na tafasa ruwa a risho, na ɗura a kwalabe,
na lulluɓe akwatin da bargo, da zanen uwar Barira,
na zauna na rungume shi a ƙirji:
ni Ɗantala tela, mai furfura a gemu,
ina kwanci.

Wajen ƙarfe biyu aka buga ƙofa.
Baba Oyewole na hawa na biyu,
wanda wata uku ba ma ga maciji
a kan kuɗin gyaran famfo.
Doguwar waya a hannunsa, daga batirin sola.
Bai ce sannu ba, ban ce na gode ba.
Ya jona, ya tsaya har lamba ta farfaɗo,
ya ce in sun fito biyu nasa ne.

Ashirin da ɗaya.
Ƙyas. Shiru. Ƙyas,
kamar baƙo mai kunyar sallama.
Barira ta kai hannu, na riƙe:
bar shi, ƙofarsa ce, shi zai buɗe.
Ashirin da bakwai suka faɗo, jiƙaƙƙu, munana,
kafin la'asar sun zama auduga.
Suka yi ta cigiyar fiffike, ba fiffike.
Daga ƙwai suka fito,
ƙarƙashin ƙwan lantarki suka taru.
Biyar sun huda, ƙarfi bai kai ba.
Ban nuna mata su ba.

Na zabuwa kuwa ko motsi.
Inna ta kira da magariba:
kar ka yi garaje, zabuwa sai ta ƙara mako,
ko a ƙauye ba ta yarda da gida da wuri.
Ta ɗan yi shiru.
Yaushe za ka kawo mini yarinyar?
Na ce bayan damina.
Bara ma haka na ce.

Na koma na juya huɗun, alif a sama.
Can ƙasa jirgi ya wuce ta Agege,
ruwan faranti ya ɗan yi rawa,
sannan ya kwanta.